Awon Kiɗa a Arewacin Zamfara

Makaɗan Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ba a takarda suka koyi awon kiɗa ba. Da motsin jiki da saukar magana suke auna shi. Ibrahim Narambaɗa na Tubali da kiɗan noma ya fara, inda bugu yake bin saran galma. Da ya koma fadar Sarkin Gobir na Isa, sai kotsonsa ya bi takun sarauta, 'yan amshi suna karɓa daidai inda jagora ya ajiye numfashi. Kassu Zurmi kuwa, kirarin 'yan tauri kalangunsa yake furtawa. In ya zafafa, maza su zabura. Saboda haka, ɗalibin da ya rubuta baitoci ya bar kiɗan, rabin tarihi kaɗai ya adana.