Daga Fatoma zuwa Mai Gidan Haya

Gidan da nake karɓar hayarsa a Fagge ɗaki goma sha ɗaya ne, amma kakana da ya fara gina shi bai taɓa karɓar ko anini a hannun wanda ya kwana a ciki ba. Shi fatoma ne, kalmar da in na faɗa wa yaran yanzu sai sun ce in maimaita.

Fatoma shi ne mai masaukin fatake. In ayari ya iso, ko Buzaye ne da raƙuma ɗauke da gishiri da kanwa, ko fataken Gwanja da goro bisa jakuna, kowane baƙo ya san ƙofar da zai dosa, don galibi nan ubansa ya saba sauka. A ba shi ɗaki, a kai masa fura da rana, tuwo da dare, a kulle kayansa a ɗakin ajiya. Gari na wayewa a haɗa shi da dillali. In ciniki ya faɗa sai a fitar da la'ada, kuma da ita gidan yake ci. Mai ɗakuna da yawa shi ke da baƙi da yawa, shi ya sa in kuɗi suka shigo hannun fatoma sai ya sa a yi masa tubali, ya sayi azara, ya ƙara ɗaki.

Nauyin sana'ar yana wajen lamuni. Baƙo bai san kowa a gari ba, ga shi yawancin ciniki bashi ne. Fatoma ne zai ce, "Ba shi, na tsaya masa." In mai sayen ya cinye, fatoma zai biya daga aljihunsa, ko da zai sayar da dokinsa, domin ranar da labari ya bazu a zango cewa dukiyar baƙo ta salwanta a gidan wane, to zauren nan ya mutu ke nan.

Duk inda Bahaushe ya kafa zango ya tafi da wannan tsari. Haka aka yi a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa kasuwar goronta, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kumasi da wasu garuruwa. A Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, maigida ake ce wa fatoma. Shi ke saukar da masu shanu daga Arewa, a sayar wa mahauta Yarabawa bashi bisa amanarsa. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikin Hausawan Sabo, ya fitar da littafi a kansu a 1969.

Jirgin ƙasa ne ya fara sauya lissafin. Ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba aka yanka Sabon Gari don ma'aikatan da suka biyo shi daga Kudu. Akawu da leburan reluwe ba su zo da kayan sayarwa ba balle a ci la'adarsu. Albashi suke ɗauka, don haka ɗakin kansa ya zama haja, ana biyan kuɗinsa duk wata. Daga baya mota ta ƙarasa aikin: mai kaya ya zo da safe ya koma da yamma, kuɗinsa kuma banki ke riƙe masa. A 1978 dokar filaye ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, takardar shaidar mallaka ta zama abin da banki ke nema kafin ya ba da rance. A wancan lokacin ne mahaifina ya rushe soron ƙasa, ya sa bulo da kwano, ya zuba 'yan haya.

Ban ga laifinsa ba, da kuɗin nan muka yi karatu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yi yanzu: kuɗin shekara a dunƙule, ejan ya yanki nasa, maigida bai ma san fuskar wanda ke kwana ƙarƙashin rufinsa ba sai ranar ba da notis. Ni na ƙi sa ejan. Da ƙafata nake zuwa, in duba indararo kafin damina, in ji wanda aka yi wa haihuwa da wanda kasuwa ta juya wa baya.

Bara wani tela da ke ɗakin ƙofa ya yi wata biyar bai biya ba. Ya zo yana sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, wuta ce babu, aiki ya tsaya." Na kai shi wajen wani mai sayar da janareta a unguwarmu, na ce a ba shi ƙarami, na tsaya masa. Kafin babbar salla ya biya mai janareta, ya biya ni. Inda ɗakin ɗinkinsa yake yanzu, a nan kakana yake jibge kantun gishirin Bilma.