Daga Tsakar Gida Zuwa Ɗakin Yara: Tarihin Wurin Wasa a Gidan Bahaushe

Wani abokina, malami a Dutsin-Ma, ya kammala ginin gidansa bara, sai ya ɗauko mahaifiyarsa daga Kurfi domin ta sa albarka. Ya zagaya da ita falo da kicin da ɗakin baƙi, daga nan ya buɗe mata wani ɗaki da aka shafe da shuɗin fenti. An manna taurari da jirgin sama a bango, ga gado mai hawa biyu, ga kwando cike da kayan wasa. Ya ce, "Inna, wannan na jikokinki ne." Tsohuwa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Masha Allah, ya yi kyau. To amma laifin me suka yi aka ware su?"

Mun yi dariya a lokacin, amma tambayar ta ƙi barina. Abin da ɗanta ya ɗauka gata ne, ita a idonta wariya ce, kuma kowannensu yana da hujja. Ɗakin yara baƙo ne a ginin Bahaushe. Kafin mu yi gardamar launin da za a shafa masa, ya kamata mu san inda ya fito, da kuma abin da ya zo ya maye gurbinsa.

Gidan da ake ƙidaya shi da mata

Tsohon gida a Kurfi ko Dutsin-Ma, kamar na Katsina da Kano da Zariya, yana da tsari sananne. Daga waje akwai zaure, inda maigida yake karɓar baƙi. Bayansa akwai fili da shigifa, sannan cikin gida, inda ɗakunan mata suke kewaye da tsakar gida. Idan da hali, maigida yana da turakarsa. Ɗakuna kuwa da yawan matan aure ake ƙidaya su. Za a ce ɗakin uwargida, ɗakin amarya, ɗakin tsohuwa. Haihuwa ba ta sa a kira magini, aure ne yake sawa.

Wannan bai sa yaro ya rasa makwanci ba. Makwancinsa yana tafiya ne tare da shekarunsa. Jariri yana bayan uwarsa da rana, yana gefenta da dare. Idan ya kai yaye, wajen shekara biyu, sau da yawa gidan kaka ake kai shi, wani ma can zai zauna. Ɗan fari, saboda kunyar da iyaye suke yi masa, yakan tashi a hannun kakanni ko wata gwaggo. Namiji idan aka yi masa kaciya ya fara wayo, sai ya bar ɗakin uwa ya koma zaure ko ɗakin samari da ke kusa da ƙofar gida. Mace kuma takan koma wajen kaka har ranar da za a kai ta nata ɗakin. Umarnin da ya zo a hadisi na raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara goma, da wannan tsari aka cika shi, ba tare da an gina wa kowane yaro bango huɗu ba.

Akwai kuma wani 'yanci da yaro yake da shi wanda babba ba shi da shi. Namiji baligi yana tsayawa a zaure, matar kulle tana tsayawa a cikin gida, yaro kuwa yana ratsa duka biyun, ya shiga gidan maƙwabta ba mai tambayarsa. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle ta dogara ne a kan wannan zirga-zirga ta yara, masu aike da talla da kai labari. Ashe yaron da ba shi da ɗaki, unguwa guda ce a hannunsa.

Ado na uwa ne

Bahaushe ya san adon ɗaki tun da daɗewa, sai dai na mace ne. Kafin a kai amarya, danginta mata suna zuwa jere. A da, ana yi wa ɗaki daɓe, a shafe bango da farar ƙasa, a jera ƙorai masu zane da faya-fayi masu launi da tasoshin tagulla. A cikin ƙarni na 20 kwanonin fenti suka shigo, da fari daga Turai da Honkon, daga baya daga masana'antun Legas da Kano, aka riƙa jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Gadon ƙarfe mai rumfa ya ture gadon kara da na ƙasa, shi ma gadon katako da kabad mai gilashi suka ture shi. Kayan sun yi ta canjawa, amma ma'anar tana nan: jere dukiyar mace ce, ajiyarta ce ta ranar buƙata, kuma da shi ake auna ƙoƙarin iyayenta. Yaro yana girma a cikin wannan ado, amma dokar farko da yake koya game da shi ita ce kada ya taɓa.

Adon namiji kuma waje yake kallo. Zanen da magina suke yi a fuskar zaure, da dagi da zankwaye da shafen makuba, saƙo ne ga mai wucewa game da arzikin maigida. A tsakiyar ƙarni na 20 maginan Zariya da Kano sun ƙara keke da mota da jirgin sama a cikin zanensu. Jirgin da abokina ya manna wa 'ya'yansa a cikin ɗaki, a zamanin kakansa a ƙofar gidan attajiri ake ganin irinsa.

Abu guda na ado da za a ce na yaro ne shi ne allon zayyana, wanda ake ƙawatawa da tawada mai launi idan ya sauke Alƙur'ani. Shi ma sai an sha wuya ake samunsa. Ado ne da yake shaidar aikin da yaron ya yi da kansa.

Dandali

Wurin wasan iyali kuwa ba shi da rufi. Da rana tsakar gida ce da gindin bishiya, da dare dandali, musamman idan akwai farin wata kuma an gama aikin gona. 'Yan mata suna gaɗa da carafke, maza suna langa da kokawa da ɓuya. Manya suna dara a inuwa: a haƙa gurabe 30 a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, wani da tsinke, wani da tsakuwa. Da azumi a fita tashe. Idan dare ya yi nisa a taru wajen tsohuwa a sha tatsuniya. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta kawo irin wannan ƙuruciya ta ƙarshen ƙarni na 19, kuma duk wanda ya tashi a karkarar Katsina kafin zuwan talabijin zai gane ta.

Abin lura a nan shi ne daga ina kayan wasan suke fitowa. Kusan duka yaro ne yake ƙera abinsa. Bayan girbi, karan dawa yana zama mota da tabarau da bindiga. Da damina, laka tana zama shanu da tukwane. Ƙashi da tsumma suna zama 'yar tsana, a yi mata kitso, a yi mata aure, har a yi mata jere da fasassun kwanoni. Da gwangwani ya yawaita, aka samu motar langa-langa. Wasan yana farawa tun daga neman kayan aiki, kuma ba ya yiwuwa sai da tsara. Langa ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. A nan yaro yake koyon bin doka da jure kaye da sasanta rigima ba tare da babba ya sa baki ba.

Ba a rasa aibu a wannan rayuwa ba. Akwai kunama da rijiya marar murfi, akwai cin zalin manya a kan ƙanana, akwai tallar da ta hana 'yan mata da yawa karatu. Cunkoso a ɗaki ɗaya yana yaɗa ƙyanda da sanƙarau. Wanda ya ce komai na da alheri ne bai yi wa tarihi adalci ba.

Inda ɗakin ya fito

A Turai ma ɗakin yara ba daɗaɗɗen abu ba ne. A Ingila ta ƙarni na 19 ne masu hali suka ware wa yara ɗaki a saman bene tare da mai reno, nesa da falon manya, talakawa kuwa suka ci gaba da kwana a cunkushe. A shekarun 1870 mai zane Walter Crane ya fara tsara takardun manna wa bango musamman domin ɗakin yara. A 1907 Maria Montessori ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum, da tebura da kujeru daidai tsawon yaro, bisa ra'ayin cewa wuri ma malami ne. Daga nan kasuwa ta karɓe ragamar. Kamfanin Disney ya fito da Mickey Mouse a 1928, cikin 'yan shekaru kuma hotonsa ya hau littattafan rubutu da agogo da kayan wasa. Ɗakin da ake yi wa ado da jarumin fim guda, tun daga labule har zanen gado, jikan wannan ciniki ne. Hatta lido da muke ɗauka tamu ce, asalinta wasan Indiya ne mai suna pachisi, aka yi mata rajista a Ingila a 1896.

Zuwan wannan tsari garuruwa irin Dutsin-Ma ya biyo albashi da makaranta. Gidajen ma'aikata na zamanin Turawa da na bayansa an zana su ne domin miji da mata ɗaya da 'ya'yansu, ana ƙidaya su da ɗakunan kwana. Kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya sa siminti da kwanon rufi da rediyo suka shiga gidaje da yawa. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, a shekarar kuma Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma. Ɗan makarantar boko yana dawowa da aikin gida, aikin gida kuma yana neman tebur da fitila da shiru, abubuwan da tsakar gida ba ta tanada ba. A wannan zamani ne Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, Umaru Dembo kuma ya rubuta Wasannin Yara. Abin da kaka take bayarwa a kan tabarma ya fara komawa cikin littafin aji.

An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Kurfi ma ta samu tata ƙaramar hukumar daga baya. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, sun tara ma'aikata daga wurare dabam-dabam, mutanen da suke zaune nesa da iyayensu, a gidajen bulo masu katanga da ƙofar ƙarfe. A irin wannan gida babu kaka, babu zaure, tsakar gidan ma sau da yawa mota ce ta cinye ta. Talabijin da bidiyo da wayar hannu suka jawo hira zuwa falo.

Sai kuma abin da ya fi duka ciwo. Tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi wannan yanki, dare ya daina zama na yara. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, wadda ba ta da nisa da nan. A 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Uban da ya hana ɗansa fita bayan magariba ba ƙyamar al'ada yake yi ba. Tsoro yake ji, kuma yana da dalili.

Abin da ɗakin ya gada

Idan aka duba ta nan, ɗakin yara ya wuce ƙawa. An ɗora masa aikin da unguwa guda take yi a da, shi kaɗai. Saboda haka ma'aunin adonsa shi ne nawa ne daga cikin wancan aiki zai iya ɗauka.

Tarihin ya bar mana 'yan darussa. Wasan Bahaushe a ƙasa ake yinsa, don haka fili da tabarma sun fi gado mai siffar mota amfani. Bangon da aka cika da hoton jarumin kartun kallo kawai yake bayarwa, kuma yaro zai girme shi cikin shekara biyu. Gefe guda da aka shafa wa baƙin fenti aka ajiye alli, kullum sabo ne. Kanta a daidai tsawon yaro, inda zai jera motar karansa da sān lakarsa da allonsa, jere ne wanda a karon farko aka yarda ya taɓa. Kafinta zai iya fafe gurabe 30 a katako, dara ta zauna a falo kusa da lido. Wanda yake son zane a bango, ga dagi, ga dutsen da garin ya ci sunansa, ga madatsar ruwan Zobe da masuntanta, ga tsarin zaure da zankwayensa. Abu mafi wuya, wanda ba a sayensa a kasuwa, shi ne tsara. Ɗakin da 'ya'yan maƙwabta ba sa shigarsa ya kasa ɗaukar babban aikin dandali, komai tsadar labulensa.

Har wa yau, mafi yawan yaran Kurfi da Dutsin-Ma ba su da ɗaki nasu, kuma dandalinsu yana ƙanƙancewa kamar na 'ya'yan masu albashi. Su ba fenti ne zai fisshe su ba. Suna buƙatar fili a unguwa wanda ba a yanka shi fuloti ba, da haske, da tsaron da zai sa uwa ta bar ɗanta ya fita.

Inna ta yi kwana uku a gidan abokina. Ya ce mini a daren farko ya leƙa ɗakin mai shuɗin fenti ya tarar ba kowa. Yaran duka suna ɗakin baƙi, sun baro gado mai hawa biyu, sun kwanta a kan tabarma kewaye da ita, ƙaramin ya yi barci da hannunsa a cikin nata. Washegari ya sa aka kai tabarmar ɗakinsu, ya roƙe ta ta ƙara mako guda.