Daga ina kalmar "zinari" ta fito?

Idan ka taɓa shiga kasuwar Birnin Gwari, ka san yadda ake awon zinarin da masu haƙa ke fitowa da shi daga daji. To amma ka taɓa tambayar kanka asalin sunan? Na tambayi ɗalibaina, duk suka ce Hausa ce tsantsa. A'a. Baƙuwa ce, kuma tun farko sunan kuɗin azurfa ne.

Wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa na tsakiyar yaƙi da Hannibal, suka buga wani ɗan tsabar azurfa mai nauyin giram huɗu da rabi. Suka kira shi denarius, wato "mai goma", don ana canjinsa da kuɗin tagulla goma. Shi ya sa masu tara tsofaffin kuɗi ke fara neman alamar X a jikin na farko-farkon. Daga baya kan sarki ya hau, da sunansa a kewaye, da shi ake gane zamanin da aka buga. Nauyi ma shaida ne. Sarki Nero ya rage azurfar a shekara ta 64, na bayansa suka ci gaba da algus, har wajen shekara ta 200 kusan rabi tagulla ne. Ka ji fa, karyewar darajar kuɗi ba yau aka fara ba.

Kuɗin ya mutu, sunan ya ƙi mutuwa. Larabawa suka ɗauke shi suka ce dinar, amma ga na zinari, kamar wanda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira. Daga nan muka samu "dinari", kuma masana harshe na ganin can ne tushen "zinari" da "zinariya". Ita kuwa "azurfa" daga harshen Buzaye muka aro ta.

Sunan ya sake zuwa mana ta hannun Turawa. Duba tsohon rasit ko littafin lissafi na kafin 1973, lokacin fam da sule, za ka ga kwabo shida, wato sisi, an rubuta 6d. Wannan "d" ɗin denarius ne.

In ka ci karo da tsohon sule ko kwabo mai huji a adakar kaka, don Allah kar ka goge shi da toka, kar kuma ka kai wa maƙeri ya narka maka zobe. Karanta shekarar da sunan sarkin tukuna.