Barkono da ganyen kwaɗo a lambunan Zongon Paraku da Jugu: wane iri ake ajiyewa, wane ake sake saye

Paraku da Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin, tsofaffin zangunan fatake ne a kan hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja. Damina ɗaya ce a yankin, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sauran watannin kuwa na masu lambu ne a fadama da bakin rijiya. Inda sabon mai lambu ya fi yin asara shi ne wajen iri, domin sunan da ke jikin leda na Faransanci ne, na kasuwa sau da yawa na Fon ko Dendi, na gida kuma Hausa.

Duk barkonon da ake nomawa a yau asalinsa daga nahiyar Amurka yake, ya iso Afirka bayan shekarar 1492. Kafin nan masoro da kimba da citta ne yajin miya. Attaruhu, wanda ’yan kudancin Benin ke kira gbatakin, shi ne mai ƙamshi da zafi; danginsa na kai maki 100,000 zuwa 350,000 a ma’aunin zafi na Scoville. Shambo, dogon nan da ake rubuta wa “piment de Cayenne”, yana tsakanin 30,000 da 50,000, kuma ya fi daɗin shanya. Sai tattasai, kuma a nan ake rikicewa. Wanda aka sani daga Diffa ja ne mai ɗan tsawo, ana busar da shi a daka. Amma wanda ya nemi “poivron” a shagon iri, galibi mai ƙaton ciki irin Yolo Wonder za a miƙo masa, wanda ake cirewa yana kore don salat, ba ya kuma shanyuwa da kyau saboda kaurin namansa.

Barkono ba a watsa shi kai tsaye a gona. Ana renonsa a ƙaramin fangali mai inuwa kamar mako biyar zuwa shida kafin dashe. Attaruhu ya fi kowa nawar tsira, yakan kai mako biyu ko uku, musamman a sanyin hunturu, don haka mai gaggawa kan tone fangalin yana zaton irin ya mutu alhali yana nan da ransa.

Duk ledar da aka rubuta wa F1, haɗin aure ne na kamfani. Shukar farko takan yi kyau, amma ’ya’yan da aka cire daga cikinta ba sa fitowa kamar uwarsu, dole a sake saye. Irin gida kuwa ana ajiye shi, da sharaɗi. Tattasai da shambo jinsi ɗaya ne, kuma ƙudan zuma na kai garin furen wannan ga wancan. Idan aka dasa su kafaɗa da kafaɗa, tattasan bana ba zai canza ba, amma irin da aka ɗiba daga gare shi na iya ba da mai zafi baɗi. Ana ɗibar iri daga wanda ya nuna sosai a jikin lafiyayyar shuka, a busar a inuwa, a rufe a kwalba.

A ɓangaren ganye, latas ce ta fi suna, ita ce kuma ta fi shagwaɓa: irinta ba ya tsira sosai idan zafi ya haura digiri 30, kuma da bazara ta kama sai ta yi tsiri ta yi ɗaci. Ganyen da Hausawa ke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, abin da masu jin Dendi da Zabarmanci ke kira kopto, ba su da wannan wahala. Lansir, wato “cresson alénois”, yana tsira cikin kwana biyu zuwa uku a lokacin sanyi, a yanka shi kafin mako uku. Alayyahu, fotete a bakin Fon, ana cakuɗa irinsa da yashi don kada ya taru wuri ɗaya, ana cirewa a wata guda. Rama da yakuwa kai tsaye ake shuka su.

Biyu ne ke yaudarar mutane. Lalo, “crincrin” a kasuwar Arzeke ta Paraku, na miya ne ba na kwaɗo ba, kuma ɓawon irinsa na da tauri. Sai an ƙulle shi a tsumma an tsoma a ruwan zafi na ’yan daƙiƙu kafin ya tsira daidai. Gasaya kuwa, mai ɗan ɗaci da ake dafawa a matse kafin a kwaɗa, sabon irinta ba ya tsira sosai sai ya kwanta wasu watanni. Da yawa na ɗaukar ta ciyawar bayan gida, alhali masu bincike a Jami’ar Abomey-Calavi, ƙarƙashin Farfesa Enoch Achigan-Dako, sun shafe shekaru suna tattara ire-irenta don inganta su. Wanda ya tara irin gasaya a ƙarshen damina, gara ya adana shi har damina mai zuwa.