Shari'ar Hadijatou Mani da Gwamnatin Nijar

Shari'ar Hadijatou Mani ƙara ce da wata 'yar Nijar ta shigar a Kotun ECOWAS, tana zargin ƙasarta da kasa kare ta daga bauta.

A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a matsayin wahaya, wato baiwa da ake riƙe da ita kamar mata, ga wani magidanci a yankin Birnin Ƙonni. Ya 'yanta ta a 2005, amma ya kafe cewa matarsa ce. Da ta auri wanda take so, aka ɗaure ta bisa zargin aure kan aure.

Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta tsaya mata. Ranar 27 ga Oktoba 2008, Kotun ECOWAS ta ɗora wa Nijar alhaki, ta umarce ta da biyan diyyar sefa miliyan 10. Gwamnatin ta karɓi hukuncin.