Goro, Shanu da Ƙudan Tsando: Abin da Littattafai Suka Ce Game da Sabo

Bayan rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, lokacin da aka riƙa loda mutane a manyan motoci ana nufar Arewa da su, har da waɗanda ba su taɓa ƙetare Jebba ba, yaranmu sun yi ta yi mana tambaya guda: "Baba, wai mu yaushe muka zo garin nan?" Mun ba su amsa, amma mu faɗi gaskiya, amsar ba ta ƙosar ba. Wani ya ce tun zamanin Turawa, wani ya ce ai tun kafin jirgin ƙasa, wani kuma ya ce a je a tambayi Alhaji wane, alhali Alhajin ya shekara goma a ƙasa. Abin takaicin shi ne akwai amsar a rubuce, wani sashenta ma a ɗakin karatu na Jami'ar Badun, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a a mota daga Mokola ba.

Littafin da ya fi kusa da ƙofar gidanmu shi ne na Abner Cohen, Custom and Politics in Urban Africa, wanda ya fito a 1969. Cohen haifaffen Bagadaza ne, ya yi karatu a Ingila, ya zo ya yi bincike a nan Sabo tsakanin 1962 da 1963. Ya ƙirga mutanen unguwa gida-gida, ya samu 4,000 da 'yan kai. Ya kuma bi takardun gwamnati ya nuna cewa a 1916 aka yanka wa Hausawa wannan fili. Kafin nan kakanninmu a cikin gari suke, wajejen Oja'ba, suna sauka a gidajen Yarbawa. Dalilin tashin ma ba mai daɗin ji ba ne: an yi ta kai ƙarar cewa ɓarayi na fakewa cikin baƙin Arewa, sai hukuma ta ga gara a tara su wuri guda ƙarƙashin sarki wanda zai san kowa. Manyan 'yan kasuwarmu na lokacin ba su ƙi ba, domin su ma suna son unguwar da za su iya cewa wannan namu ne, wannan ba mu san shi ba.

Inda littafin ya fi daɗi shi ne bayanin kara. Cohen ya ce a zamanin nan ana sayar da shanu wajen 75,000 a shekara a kasuwar Badun, kuma kusan duka bashi ne. Ku duba fa yadda abin yake. Mai shanu ya taso daga ƙasar Kano ko Barno, bai san mahauci ko ɗaya a nan ba, ba ya jin Yarbanci. Ya sauka gidan maigida, an ba shi ɗaki da abinci. Dillalan maigida su shiga tsakani, mahauci Bayarabe ya ja sa ya tafi da alkawarin zai biya nan da 'yan makonni. Babu takarda, babu sa hannu, babu lauya. Idan mahauci ya ci amana, maigida ne zai biya daga aljihunsa, shi kuma mahaucin a daina sayar masa har sai ya sauke nauyin da ke kansa. Ke nan jarin maigida na gaskiya shi ne sanin mutane: wane mahauci ne ke biya, wane ne bashi ya yi masa katutu, wane ne ya yi sabon aure kuɗinsa suka ƙare. Dattawanmu da suka yi zamani a kara tun tana Sango, kafin a kai ta Bodija, daga baya Akinyele, za su karanta wannan babi suna gyaɗa kai.

To me ya sa dole sai bashi? Me ya hana mai shanu ya zauna ya jira wanda zai biya lakadan? A nan ne tarihi ya ci karo da kimiyya, kuma a nan za mu ba da shawarar littafi na biyu, Africa's Bane na T. A. M. Nash, shi ma na 1969. Nash masanin ƙwari ne da ya yi shekaru yana aiki a Arewa. Yana cikin waɗanda suka yi aikin Anchau a ƙasar Zazzau, inda aka sare kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Littafin nasa gaba ɗaya a kan wannan ƙuda yake.

Tsando halitta ce mai ban mamaki. Ba ta zuba ƙwai ɗari-ɗari kamar ƙudan gida. Macen tana riƙe tsutsa ɗaya tak a cikinta, tana ciyar da ita da wani ruwa mai kamar nono, sai ta haife ta a inuwa bayan kamar kwana 9 ko 10, tsutsar ta nutse cikin ƙasa. Namiji da mace duka jini suke sha, kuma wajen shan ne suke zuba ƙwayar cutar da ke kawo sammore ga dabbobi da ciwon barci ga mutane. A 1895 wani likitan soja, David Bruce, ya tabbatar a ƙasar Zulu cewa ƙudan ne ke ɗaukar ƙwayar daga namun daji zuwa shanu. Ita tsando inuwa da laima take so, shi ya sa kurmi ya zama gidanta. Muturu, ɗan guntun san nan na Kudu, yana jure mata. Bunaji da Rahaji da Bokoloji kuwa, manyan shanun da ke da nama, ba sa jurewa. San da aka koro da ƙafa ta Ilori ya riga ya sha cizo a hanya, kullum ramewa yake, in aka yi jinkiri ya faɗi. Mai shi ba zai iya komawa da shi Arewa ba, ba zai iya jira ba. Dole ya sayar yau, ko da bashi, kuma dole ya samu wanda zai tsaya masa. Wato da a ce babu wannan ƙuda, da Yarbawa sun yi kiwon manyan shanunsu da kansu, da wataƙila babu gidajen masu gida, babu Sabo irin wadda muka sani. Mun daɗe muna cewa kasuwa ce ta kawo mu. Ashe har da ƙwaro a cikin lissafin.

Turancin Nash mai sauƙi ne, ɗan sakandare zai iya bi. Wanda kuma yake son ya fara da Hausa, ya nemi Ikon Allah na Abubakar Imam da Rupert East. Ya tsufa, amma har yau ba mu ga wanda ya fi shi iya bayanin halittu da Hausar da tsohuwa za ta fahimta ba.

Mu koma kan Cohen, domin akwai inda muke da ja da shi. Ya lura cewa a farkon shekarun 1950, daidai lokacin da Turawa suka fara sakin ragama, jam'iyyu suka shigo, sarautar unguwa ta rasa goyon bayan hukuma, sai mutanen Sabo suka shiga Tijjaniyya gadan-gadan, kuma a 1952 suka daina zuwa babban masallacin gari suka tsai da Juma'arsu. Fassararsa ita ce: an yi haka ne don a tsare kasuwar shanu da goro daga hannun Yarbawa, addini ya zama sabon shinge bayan na gwamnati ya faɗi. Ba za mu ce babu ƙamshin gaskiya ba, domin wanda kuke haɗuwa da shi wajen wazifa kullum da yamma ba ya cin kuɗinka cikin sauƙi. Amma mutumin da ya ga amfanin abu bai zama ya ga dalilinsa ba. A shekarun nan ai sunan Shehu Ibrahim Inyass ya cika Kano da Kumasi da garuruwan da babu mahaucin Bayarabe ko ɗaya da ake tsoro. Kakanninmu da suka karɓi ɗariƙa ba lissafin la'ada kaɗai suke yi ba. Haka nan babinsa a kan mata, inda ya yi dogon bayani kan zawarci da zaman kai, zai sosa wa wasu rai. Mu dai shawararmu a karanta shi duk da haka, don a cikinsa ne aka rubuta yadda matan kulle suka riƙa juya kuɗi daga cikin ɗaki, suna dafa abincin sayarwa yara na kai talla, har wasu suka tara abin da mazansu ba su sani ba. Iyayenmu mata ba su cika samun shiga littafin tarihi ba. A nan sun samu, ko da ba yadda za su so ba.

Shanu ƙafa ɗaya ce, goro ne ɗayar. Caravans of Kola na Paul Lovejoy, wanda madaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a Zariya a 1980, ya bi fataucin goro daga 1700 zuwa 1900. A wancan zamani goron da Bahaushe ke so ba a ƙasar Yarbawa yake ba, a kurmin Asante yake, ana sayensa a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna, da madugu da jagaba da malamin ayari, a yi watanni a hanya, ana biyan fito da kuɗin ƙasa, ana tsoron 'yan fashi, a dawo da huhun goro ana yayyafa masa ruwa ana tsince mai sankara. Lovejoy ya nuna cewa zuriya uku ne suka riƙe wannan hanya: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Dukansu asalinsu baƙi ne a ƙasar Hausa, fatauci ne ya mai da su Hausawa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga cikin Agalawa ya fito. Duk wanda ya ji ana kiran gidansu da ɗaya daga sunayen nan, to ga littafin zuriyarsu.

Hanyar Gwanja ta fara mutuwa bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, sai yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa ta. Goro ya koma bin teku zuwa Ikko. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano bayan shekara goma. Manoman Yarbawa na wajejen Agege da Ota da Shagamu suka ga kasuwa, suka shiga dasa irin goron Gwanja a gonakinsu. Shaidar tana bakin maƙwabtanmu har gobe: nasu na gargajiya suna ce masa abata, wanda muke saye kuwa gbanja, wato Gwanja. Kun ga ke nan Sabon Badun da ta Shagamu da zangon Agege 'ya'yan Salaga ne. Zango ne ya bi goro ya sauya wuri.

Wanda yake son ganin hoton gaba ɗaya, sai The Hausa Factor in West African History na marigayi Farfesa Mahdi Adamu, 1978. Namu ne, mutumin Ngaski, kuma ya bi sawun Hausawa har Dahomey da Gwanja. Yana da nauyi, ba na karantawa a zama ɗaya ba ne.

Akwai kuma wanda muka san wasu za su ce me ya kai mu: The History of the Yorubas na Samuel Johnson. Limamin coci ne, ɗan asalin Oyo. Ya gama rubutun a 1897, aka aika Landan ya ɓace a hannun masu bugawa, ya rasu a 1901 bai ga littafinsa ba. Ƙaninsa, likita Obadiah Johnson, ya sake harhaɗa shi daga guntayen takardun da ya bari, ya fito a 1921, shi ma bayan ransa. Abu biyu za mu samu a ciki. Na farko, Hausawa suna ƙasar nan tun kafin a yi tunanin Sabo, amma ba dukansu fatake ba ne. Da yawa bayi ne a gidajen manyan Oyo, suna aski da tufkar igiya da kiwo, kuma su ne suka gudu suka cika rundunar Afonja a Ilori. Ba labarin da muke ba yara da daddare ba ne, amma namu ne. Na biyu, Badun ɗin da muka sani ita kanta sansanin yaƙi ce da ta kafu wajen 1829, mayaƙa daga Oyo da Ife da Ijebu suka taru a cikinta bayan garuruwa sun watse. Ba mu kawo wannan don a je a yi wa kowa gori a kasuwa ba, Allah ya kiyaye. Mun kawo shi ne don wanda ya shekara 50 yana cin arziki da mutane ya kamata ya san yaƙe-yaƙensu da sarakunansu, kamar yadda yake so su san nasa.

Matsalar a fili take: ban da Ikon Allah, duk da Turanci suke, kuma samunsu sai an sha wuya. Amma muna da 'ya'ya a jami'a da kwalejin kimiyya. Ɗaya ya samo kwafin Cohen, a zauna bayan sallar isha'i a ƙofar gida, ya karanta shafi biyu ya fassara, dattawa su ce nan ya yi daidai, nan an yi masa ƙarya. A ɗauki muryarsu a waya, domin Cohen ya sauya sunayen mutanen da ya rubuta, kuma waɗanda za su iya gane wane maigida yake nufi ba su fi a ƙirga da yatsu ba yanzu. Takardun da ya duba kuwa, na ƙararraki da naɗin sarauta da rabon filaye, suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke cikin harabar jami'ar, kuma labarinsa ya tsaya ne a 1963. Yaƙin basasa, zuwan tirela da ta kashe koren shanu da ƙafa, tashin kara zuwa Akinyele, Shasha, duk suna nan a bakin mutanen da muke gaisawa da su kowace safiya.