Kamarar mota a-kori-kura: yadda ake zaɓenta da ɗaura ta

Kamarar mota ƙaramar na'ura ce da ake liƙawa a gilashin gaba, tana ɗaukar hoton hanya muddin mota na tafiya. Idan aka yi hatsari, hoton na iya zama shaida gaban jandarma ko kamfanin inshora, musamman ga masu Hilux da ke jigila tsakanin Yamai, Konni, Maraɗi da Damagaram.

A Nijar, babban abokin gabarta zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, cikin motar da aka rufe kuwa ya fi haka. Batirin litiyom kan kumbura, shi ya sa mai aiki da kondansata ta fi ƙarko. A nemi mai ƙarfin hoto 1080p ko fiye, don lambar mota ta karantu, da katin ajiya microSD na jiga 64 mai jure yawan ɗauka. Idan katin ya cika, sabon hoto yana goge tsoho.

Ana liƙa ta bayan madubin ciki, inda ba ta tare wa direba gani. Wayar takan bi gefen rufi zuwa wurin kunna sigari mai bolt 12, ba tare da ta gitta jakar iska ba. Kamarar baya kuma, kaya masu tudu kan rufe ta. Mai son ta ci gaba da ɗauka bayan an kashe mota, sai ya nemi mai gyaran wutar mota, don kada batir ya mutu.